Leon Fleisher: Makaɗin fiyanon da ya ɗauki jinka da hannu ɗaya

Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan akwai sana'ar da karin maganar ya fi dacewa da ita, to kaɗa fiyano ce, domin abin kiɗa ne mai maɓallai 88, farare 52 da baƙaƙe 36, wanda aka ƙera don yatsu goma. Duk da haka, a tarihin sana'ar an yi wani mutum da hannunsa na dama ya daina yi masa biyayya yana ɗan shekara 36, a lokacin da tauraruwarsa ke tsakiyar haskawa, ya kuma shafe kusan shekara talatin yana hawa manyan dandamalin duniya da hannun hagu kaɗai. Shi ne Leon Fleisher, Ba'amurke, wanda ya rasu ranar 2 ga Agusta, 2020, yana da shekara 92.

An fi tuna shi da cewa hannun ya dawo masa a ƙarshe. Amma gundarin labarinsa yana cikin shekarun da babu likitan da ya iya ba shi tabbacin hakan. A cikinsu ne ya fuskanci tambayar da ke jiran duk mai sana'a ko mai muƙami: me zai rage wa mutum ranar da abin da aka san shi da shi ya kuɓuce masa?

Sana'ar da babu albashi, babu fansho

Kiɗan da Fleisher ya yi wa hidima shi ne daɗaɗɗen kiɗan Turai, wanda magabata irin su Bach da Mozart da Beethoven da Brahms suka tsara, suka bar shi a rubuce da wasu alamomi na musamman. Makaɗin irin wannan kiɗa ba shi da ikon ƙara ko rage ko da sauti ɗaya daga abin da ke takarda. Gwanintarsa tana bayyana ne a yadda yake furta abin da aka rubuta: inda zai sassauta, inda zai matsa, inda zai dakata kamar mai jan numfashi. Al'adar sana'ar kuma ta ɗora masa hadda. Zai zauna gaban mutum dubu biyu ko fiye, ya kaɗa abin da zai ɗauki kusan minti hamsin da ka, ba tare da ya dubi takarda ba.

Babban fagen da ake gwada makaɗi shi ne nau'in kiɗan da ake kira koncerto. Shi kaɗai ne a kan fiyano, a bayansa kuma ga ƙungiyar makaɗa ta mutum saba'in ko tamanin, masu tsirkiya da masu busa da masu ganguna, suna karɓa masa kamar 'yan amshi, wani lokaci kuma suna ja-in-ja da shi. A gabansu akwai madugu, riƙe da 'yar sanda, yana daidaita tafiyar kowa.

Hanyar shiga sana'ar kuwa ƙunci gare ta. Ana farawa tun ana ɗan shekara huɗu ko biyar, a samu babban malami, a ci wata gasa ta duniya, sannan a zauna jiran gayyata. Babu albashin wata, babu matakin ƙarin girma, babu fansho. Abin da makaɗi ke samu yana fitowa ne daga kowane dare da ya hau dandamali, kuma akan cika masa kalanda shekara ɗaya ko biyu kafin lokaci. Jarinsa kaf yana cikin yatsunsa. Ranar da suka gaza, kasuwa ta watse.

Almajirin Schnabel

An haifi Fleisher a birnin San Francisco ranar 23 ga Yuli, 1928. Iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga gabashin Turai, mahaifinsa kuma sana'ar huluna yake yi. Ya fara taɓa fiyano yana ɗan shekara huɗu, ya yi wasansa na farko a bainar jama'a yana ɗan takwas. Mahaifiyarsa ce ta tsaya kai da fata a kan lamarin. Kamar yadda ya riƙa bayar da labari cikin raha bayan ya manyanta, zaɓi biyu ta ba shi: ko ya zama Bayahude na farko da zai shugabanci Amurka, ko ya zama shahararren makaɗin fiyano.

Yana ɗan shekara tara Artur Schnabel ya karɓe shi, duk da cewa koyar da yara ba al'adarsa ba ce. Schnabel shi ne mutum na farko da ya naɗi sonatocin Beethoven guda 32 gaba ɗaya a faifai, kuma silsilarsa gajera ce mai daraja. Ya yi karatu a wurin Theodor Leschetizky, Leschetizky ya yi a wurin Carl Czerny, Czerny kuwa almajirin Beethoven ne da kansa. Wato malamai uku ne kacal tsakanin yaron da Beethoven. An fara darasin a gidan malamin da ke gaɓar tafkin Como a Italiya a 1938, da guguwar yaƙi ta taso kuma aka ci gaba a New York. Fleisher ya yi kusan shekara goma a gabansa, yana jin darasi guda ana maimaita masa ta fuskoki daban-daban: ma'anar kiɗa ce gaba, saurin yatsu bawanta ne.

A 1944, yana ɗan shekara 16, ya hau dandamalin zauren Carnegie tare da babbar ƙungiyar makaɗan New York, ƙarƙashin madugu Pierre Monteux, ya kaɗa koncerto na farko na Brahms, wanda ko manya ke shakkarsa. Monteux ya bayyana shi a matsayin babbar tsintuwar da aka yi a fagen fiyano a wannan ƙarni.

Sai dai yaro mai baiwa yakan girma, mamakin da ake yi masa ya ragu. Zuwa ƙarshen shekarun 1940 gayyata ta ja baya, ya koma Turai da zama. A can ne, a 1952, ya shiga gasar Sarauniya Elisabeth a birnin Brussels na Beljiyam, ya zama Ba'amurke na farko da ya lashe ta. Daga nan ƙofofi suka sake buɗewa. Ya haɗu da George Szell, madugun makaɗan Cleveland, mutum mai tsananin horo da ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon na 1960 suka naɗi koncerto biyar na Beethoven da biyu na Brahms, faya-fayen da har yau masana ke auna sababbin makaɗa da su. A 1959 kuma ya karɓi aikin koyarwa a makarantar kiɗa ta Peabody da ke Baltimore. A lokacin, koyarwar aikin gefe ce.

Yatsu biyu suka yi tawaye

A 1964 ya fara lura cewa yatsan zobe da ƙaramin yatsa na hannunsa na dama suna lanƙwashewa da kansu zuwa cikin tafi. Babu karaya, babu kumburi. Ya ɗauka rauni ne na tsoka, don haka ya yi abin da aka koya masa tun yana yaro: ya ƙara awannin atisaye. Abin ya ƙara taɓarɓarewa. Cikin 'yan watanni yatsun biyu suka naɗe, har riƙe alƙalami ya zama aiki.

A lokacin yana shirin bin Szell da makaɗan Cleveland rangadi zuwa Tarayyar Sobiyet a 1965, a tsakiyar yaƙin cacar baka, lokacin da irin wannan tafiya take da nauyin diflomasiyya. Szell ya saurare shi, ya yanke cewa ba zai iya ba. Aka tafi ba tare da shi ba.

Abin da ya fi ciwon kansa wuya shi ne rashin suna. Likitoci sun duba, sun rasa inda matsalar take. Wasu suka ce a zuciyarsa abin yake. Ya bi magunguna, ya bi likitocin ƙwaƙwalwa, ya gwada alluran gargajiya na ƙasar Sin, duk a banza. Ya shiga ƙunci mai tsanani, aurensa ya mutu, ya tara gemu da gashi, ya riƙa gararamba a titunan Baltimore a kan ƙaramin babur. Shi da bakinsa ya faɗa daga baya cewa har tunanin kashe kansa ya yi.

Bayan kimanin shekara biyu a wannan hali ne ya kai ga fahimtar da ta ceto shi. Ya gane cewa abin da ya ba wa rayuwarsa tun yana ɗan shekara huɗu shi ne kiɗa, kuma kaɗa fiyano da hannu biyu hanya ɗaya ce kawai daga hanyoyin isa gare shi. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Ya nemi wasu hanyoyin, ya samu uku.

Gadon wani soja

Hanya ta farko wani ne ya share masa ita tun kafin a haife shi. Paul Wittgenstein, ɗan wani hamshaƙin attajiri a Viyana kuma yayan masanin falsafa Ludwig Wittgenstein, makaɗin fiyano ne da aka harba a farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1914. An yanke masa hannun dama, ya kuma yi zaman fursunan yaƙi a Saberiya. Da ya dawo gida ya ƙi haƙura da sana'arsa. Ya yi amfani da dukiyar gidansu ya biya manyan masu tsara kiɗa na zamaninsa, irin su Maurice Ravel da Richard Strauss da Sergei Prokofiev da Paul Hindemith da Benjamin Britten, su rubuta masa kiɗan da hannun hagu kaɗai zai kaɗa.

Mai karatu zai yi mamakin yadda hannu ɗaya zai cika zaure da sauti. Sirrin yana cikin ƙirar hannun hagu. A kan fiyano, sauti mai kauri yana ɓangaren hagu, siririn sauti mai ɗauke da karin waƙa kuma yana ɓangaren dama. Idan aka ɗora hannun hagu a kan maɓallai, babban yatsa, wanda ya fi sauran ƙarfi, shi ne ke fuskantar dama. Saboda haka shi zai ɗauki karin, sauran yatsu huɗu su yi masa rakiya. Akwai kuma feda da ake takawa da ƙafa, wadda ke riƙe sauti yana amo bayan yatsa ya ɗaga, har hannun ya samu damar tsallakawa wani wuri. Ravel ya yi amfani da wannan dabara a koncerton da ya rubuta tsakanin 1929 da 1930, ta yadda wanda ya rufe ido zai rantse hannu biyu yake ji.

Fleisher ya rungumi wannan koncerto, ya yi ta kaɗa shi a biranen duniya har aka riƙa danganta shi da shi. Ya tono sauran, ciki har da wani kiɗan Bach da Brahms ya mayar na hannun hagu domin Clara Schumann lokacin da ta ji ciwo a hannun dama. Masu tsara kiɗa na zamaninsa ma suka shiga rubuta masa sababbi. A 1996 William Bolcom ya tsara wani kiɗa domin makaɗa biyu masu hannun hagu, Fleisher da abokinsa Gary Graffman, wanda shi ma hannunsa na dama ya gaza.

Akwai wani abu a gadon Wittgenstein da ya daɗe yana jiran mai shi. A 1923 Hindemith ya miƙa masa nasa aikin, amma bai yi masa daɗi ba. Bai kaɗa shi ba, bai kuma bar kowa ya kaɗa ba, tun da shi ya biya. Takardun suka ɓace wa duniya har sai da aka gano su cikin kayansa bayan rasuwar matarsa. A Disamban 2004, shekara 81 da rubuta shi, aka ji kiɗan a karon farko a birnin Berlin, ƙarƙashin madugu Simon Rattle. Fleisher ne a kan fiyano.

Madugu da malami

Hanya ta biyu ita ce jagorancin makaɗa, aikin da ba ya buƙatar yatsu goma. A ƙarshen shekarun 1960 ya shiga cikin waɗanda suka kafa wata ƙaramar ƙungiyar makaɗa a Washington. A 1970 ya zama madugun makaɗan Annapolis, a 1973 kuma mataimakin madugu a babbar ƙungiyar Baltimore. Mutumin da manyan madugai ke girmamawa ya koma ɗan koyo a sabon fage yana da shekara arba'in, ya kuma yarda ya fara daga ƙananan ƙungiyoyi. Daga 1986 zuwa 1997 ya shugabanci harkar fasaha a cibiyar kiɗa ta Tanglewood, inda ake horar da zaratan matasan makaɗa.

Hanya ta uku, wadda ta fi barin tasiri, ita ce koyarwa. Ya sha bayyana cewa kafin ciwon, idan ɗalibi ya yi kuskure, sai kawai ya ture shi daga kujera ya nuna masa yadda ake yi. Da hannun ya tafi, wannan gajeriyar hanya ta toshe. Dole ya nemo kalmomin da zai bayyana abin da a da yatsunsa kawai suka sani. Wannan tilas ta mayar da shi malamin da ke sa ɗalibi ya yi tunani, maimakon ya kwaikwaya.

Ɗaya daga cikin darussan da ɗalibansa suka fi tunawa shi ne cewa makaɗi mutum uku ne a jiki ɗaya. Na farko yana jin sautin a ransa tun kafin a kaɗa shi. Na biyu shi ke danna maɓallai. Na uku yana zaune can gefe yana sauraro, yana gaya wa na biyun ko abin da ya fito ya dace da abin da na farko ya ji. A cikin ukun, na biyu ne kaɗai cuta ta taɓa a jikin Fleisher. Daga ajinsa aka samu fitattun makaɗa irin su André Watts da Yefim Bronfman da Louis Lortie da Jonathan Biss.

Cutar ta samu suna

Duk da waɗannan ayyuka, bai taɓa cire rai da hannun ba. Kusan kullum sai ya gwada shi. A 1981 aka yi masa tiyata a wuyan hannu, aka ga alamar sauƙi. A Satumban 1982, wajen bikin buɗe sabon zauren kiɗa na Meyerhoff a Baltimore, ya kaɗa wani aikin César Franck da hannu biyu, aka nuna a talabijin, jaridu suka yi shelar cewa ya dawo. Shi kuwa ya san gaskiya tun yana kan kujerar: da ƙyar ya kai ƙarshe. Ya koma hannun hagu na wasu shekaru goma sha uku.

Sai a farkon shekarun 1990 aka sanya wa ciwon sunansa na gaskiya, wato distoniya mai kama gaɓa ɗaya. Matsalar ba a hannu take ba, a ƙwaƙwalwa take. Kowane yatsa yana da gurbinsa a ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke sarrafa motsi da ji. Idan mutum ya shafe shekaru yana maimaita motsi ɗaya cikin sauri da matsi, iyakokin guraben kan iya cakuɗewa, sai saƙon da aka aika wa yatsa ɗaya ya kama maƙwabcinsa, tsoka ta ɗaure ba tare da an umarce ta ba. Masu bincike sun ƙiyasta cewa tana kama kimanin ɗaya cikin ɗari na ƙwararrun makaɗa. Dangin cutar ne ke kama wasu akawuna da masu buga tafireta, har alƙalami ko maɓalli ya gagare su alhali hannun yana yin sauran ayyuka lafiya. Wannan ya bayyana dalilin da ƙarin atisayen da Fleisher ya yi a 1964 ya zama ƙara wa wuta fetur.

Sauƙin ya zo ta hanyoyi biyu. Ɗaya tausa ce mai zurfi da ke sassauta naman hannu. Ɗayar kuma allurar Botox ce, wadda aka fi sani a gyaran fuska. Guba ce da ake tacewa daga wata ƙwayar cuta, a sa ɗan kaɗan a tsokar da ke ɗaurewa don a rage mata ƙarfi. Tasirinta 'yan watanni ne, sai a sake. Fleisher ya riƙa jaddada cewa bai warke ba, lallaɓa cutar kawai ake yi, kuma akwai kaɗe-kaɗen da hannun ba zai sake iyawa ba.

A 1995 ya koma wurin makaɗan Cleveland, ƙungiyar da ta tafi Tarayyar Sobiyet ta bar shi shekara talatin da suka wuce, ya kaɗa wani koncerto na Mozart da hannu biyu. A 2003 ya yi wasa shi kaɗai a zauren Carnegie. A 2004, yana da shekara 76, ya fitar da faifan Two Hands, wato hannu biyu, na farko irinsa cikin kusan shekara arba'in, wanda ya rufe da sonata ta ƙarshe da Schubert ya rubuta. Waɗanda suka san faya-fayensa na ƙuruciya sun ji bambanci. Wutar samartaka ta lafa, natsuwa ta maye gurbinta. Wani gajeren fim da Nathaniel Kahn ya shirya a kan rayuwarsa, mai wannan suna, ya shiga jerin masu neman kyautar Oscar.

Lambar girma da tsaka mai wuya

A 2007 aka zaɓe shi cikin waɗanda za a ba lambar girmamawa ta Cibiyar Kennedy, ɗaya daga cikin manyan karramawar da Amurka ke yi wa masu fasaha. Tsarin bikin ya haɗa da liyafa a Fadar White House, a zamanin Shugaba George W. Bush, wanda Fleisher ke adawa da manufofinsa, musamman yaƙin Iraƙi da azabtar da fursunoni. Ya so ya karɓi lambar ya ƙaurace wa liyafar, aka nuna masa cewa ƙa'idar bikin ba ta ba da wannan zaɓi ba. Ya halarta, sanye da alamar zaman lafiya, daga baya kuma ya rubuta maƙala a jaridar Washington Post yana bayyana yadda abin ya tsaya masa a rai. A ganinsa, ana iya girmama kujera ba tare da an yi shiru a kan wanda ke zaune a kanta ba.

A 2010 ya wallafa tarihin rayuwarsa tare da 'yar jarida Anne Midgette. A shekarunsa na ƙarshe ya riƙa yin wasa tare da matarsa Katherine Jacobson, ita ma makaɗiya, su biyu a kan fiyano ɗaya. Ya sha faɗa cewa da hannun bai gaza ba, da wuya ya zama madugu, da wuya kuma ya zama irin malamin da ya zama.

Ya yi shekara sittin da ɗoriya yana koyarwa a Peabody, aikin da ya karɓa a matsayin na gefe. Lokacin da annobar korona ta rufe makarantu a 2020, ya koma ba da darasi ta intanet, yana kuma fama da ciwon daji. Iyalansa sun ce har makon da ya gabaci rasuwarsa yana sauraron ɗalibai yana yi musu gyara. Da yawa daga cikinsu yanzu malamai ne a makarantun kiɗa na Amurka da Turai da Asiya, kuma idan suka lissafa silsilarsu, sunaye huɗu ne tsakaninsu da Beethoven.